Kanarin da Na Ce Mace Ce

Ni kafinta ne, shagona yana Abakpa, kuma sai da na haura shekara hamsin kafin na taɓa riƙe tsuntsu a tafin hannuna. Aikin keji ne ya haɗa ni da kanari. Akwai wani dattijo mai wankin hula a Unguwar Sarki, aminin mahaifina tun suna samari, Baba nake ce masa. Bayan rasuwar mahaifina shi ne mutumin da nake zuwa gaisarwa duk Juma'a in an sauko daga masallaci. Ya yi shekara da shekaru yana kiwon kanari. Wata Juma'a ya nuna mini kejinsa na kara da suka tsufa, ya ce in yi masa na katako da waya. Na yi masa guda shida, na kai masa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk zuwan da zan yi sai in daɗe a tsaye ina sauraron tsuntsayen.

A cikinsu akwai wani namiji da duk masu kanarin unguwar suka san da zamansa, saboda idan ya ja kuka ba ya yankewa sai mutum ya fara jin tausayin numfashinsa. An sha roƙon Baba ɗan wannan tsuntsu. Abin da ake faɗa a bayan idonsa shi ne yana da rowa, in ya ba ka daga wannan jinin to mace zai ba ka, mazan kuwa ya ɓoye. Na ji maganar fiye da sau ɗaya.

Da sha'awar ta kama ni sosai, na ce masa ina son in fara. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya rubutu, kuma duk aikin da zan yi sai na jera shi a takarda, wannan sannan wannan. Don haka na zo da ɗan littafi da biro na zauna a gabansa.

"Kai komai sai ka rubuta?" in ji shi. "Tsuntsun ya iya karatu ne?"

"Baba, faɗa mini dai. Yaya ake gane namiji da mace?"

Yana goga sabulu a jikin wata hula ya soma. Na farko kuka: namiji ne yake jan kuka mai tsawo, maƙogwaronsa yana rawa, mace kuwa tsit-tsit kawai take yi. Na biyu wuya: mace tana da ɗigo-ɗigo masu ruwan toka da suka zagaye ƙasan wuyanta kamar sarƙa, wuyan namiji kuwa fes yake. Na uku launi: ruwan ɗorawar ƙirjin namiji ya fi haske. Na rubuta, na sa wa kowace lamba, na rufe littafin. Sai ya ƙara da cewa, "Waɗannan fa duk na babban tsuntsu ne. Ƙarami sai ka zauna da shi ka kalle shi."

Na ji shi sarai. Ban rubuta ba, don a ganina wannan ba alama ba ce, hira ce irin ta tsofaffi.

Bayan damina ta ɗauke da kamar wata biyu, ya miƙa mini keji da tsuntsaye biyu. Ya ce babbar mace ce daga wani jinin daban, ƙaramin kuwa ɗan namijin nan ne mai dogon numfashi, kuma namiji ne. "Ban taɓa ba kowa ba," ya ce. "Kai ɗan gida ne, shi ya sa."

Na kawo su shago na rataye kejin a saman teburin aiki, inda zan riƙa ganinsu. Gero da acca a gwangwani ɗaya, ruwa a ɗaya, yashi a ƙasa. Nan ne nake buga guduma tun safe har la'asar, ga mai walda a shagon da ke jikin nawa. Ban taɓa tunanin wannan zai dami tsuntsu ba. Mako ɗaya ya wuce, ƙaramin bai yi kuka ba. Mako uku, shiru. Na ɗauko littafin na bi lambobin. Kuka, babu. Na kama shi na ɗaga haɓarsa da yatsa, ga ɗigo-ɗigon nan a wuya kamar na babbar. Na jera su a hasken rana, launinsa ma bai kai nata ba. Duka ukun suka ce mace.

Na koma gida na gaya wa uwar 'ya'yana. Ta ce, "To ka je ka tambaye shi mana, kai da shi."

"Me zan tambaya? Shi ya ba ni alamomin da bakinsa."

Abin da ya ƙona mini rai shi ne kalmar ɗan gida. Na ɗauka ya yi mini abin da ake cewa yana yi wa kowa, sannan ya shafa mini zuma a baki.

Masu kanari suna da majalisa duk Asabar da hantsi, a ƙarƙashin wasu itatuwan darbejiya kusa da teburin mai shayi. Kowa ya zo da kejinsa ya rataye a reshe, a zauna a ji na wa zai rufe bakin na wa. Can na ɗauki kejina na nufa. Baba yana zaune a kan benci, mutane kamar goma sha biyu a kewaye. Akwai wani direban tifa daga Rigachikun, mutum mai surutu da barkwanci, shi ya fara hango ni.

"Ah, Oga kafinta ya shigo layi! Kawo mu ga angon."

Ya leƙa kejin, ya karkata kai, ya fashe da dariya. "Wannan ai amare biyu ne. Ina angon, yana hanya?"

Aka yi dariya. Da na yi dariyar tare da su, da maganar ta wuce. Sai na zaro littafin daga aljihu, na tsaya a gaban Baba, na karanta masa alamominsa ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, ina nuna tsuntsun. Da na gama na ce, "Baba, in ba ka son bayarwa, da ka ce ba ka so. Ashe abin da mutane suke faɗa gaskiya ne. Ga kayanka."

Baba ya dubi kejin, bai dube ni ba.

"A ina ka rataye shi?"

"A shago."

"A shago." Ya gyaɗa kai. "Ka kai shi gida, ka raba shi da macen, ka bar shi ya zubar da gashi. Ni ban taɓa karɓar abin da na bayar ba, ba zan fara da kai ba."

Direban ya ce, "Baba, in ya zubar da gashin gemu zai fito masa?" Wasu suka sake dariya. Baba ya miƙe, ya sauke kejinsa daga reshe, ya rufe shi da ƙyalle, ya yi sallama ya tafi. Ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Na kai tsuntsun gida, ba don na yarda ba, sai don ban san yadda zan yi da shi ba. Na sa shi shi kaɗai a wani keji a bayan ɗakin girki. Juma'ar da ta biyo ban je Unguwar Sarki ba. Wadda ta biyo bayanta ma haka.

Wajen shigowar zafi ya fara zubar da gashi. Kullum da safe sai an share ƙananan gashi a ƙarƙashin kejin. Ya rame ya yi wujiga-wujiga, har na ɗauka mutuwa zai yi. Wata safiya ina ɗaure kayan aiki a bayan babur, uwar 'ya'yana ta leƙo.

"Maigida, zo ka ji. Amaryar nan taka ta zama ango."

Na zagaya bayan ɗakin girkin. Yana tsaye a kan sanda, ƙirji a buɗe, maƙogwaro yana rawa, yana jan kukan nan da ba ya yankewa, irin na ubansa sak. Na matsa kusa. Wuyan fes, babu ɗigo ko ɗaya. A ranar na san cewa ƙaramin namiji ma da sarƙar yake tashi, sai ya canza gashi take ɓacewa. Shi Baba tun tsuntsun yana ɗan ƙarami ya ga yana ƙunƙuni a maƙogwaro da tsakar rana, lokacin da gida ya yi shiru. Abin da yake nufi ke nan da a zauna a kalla.

"Ka tafi yau," in ji ta. "Ka ajiye babur ɗin nan ka tafi yanzu."

Na ce zan je, amma ba hannu rabbana ba. Na zauna na tsara abin kamar yadda na saba. Da farko zan haɗa shi da macen su yi 'ya'ya. Sannan in zaɓi namiji a ciki. Sannan in kai wa Baba har gida in ba shi haƙuri. Daga ƙarshe in je majalisa in janye maganata a inda na yi ta. Na ga tsarin ya yi kyau. Ta ce, "Haƙurin ne sai an haɗa masa kaya kamar lefe?" Na ce mata ba ta san yadda ake gyara irin wannan ɓarna ba. Yau na san kunya ce ta hana ni, na lulluɓe ta da tsari.

Na haɗa su, amma sai da damina ta yi nisa macen ta fara ɗaukar zare a baki, alamar tana son yin sheƙa. Na sa mata ɗan kwando da zaren buhu da auduga, ta yi sheƙa, ta saka ƙwai uku. Ta kwanta mako biyu, babu wanda ya ƙyanƙyashe. Na jira. Karo na biyu ta saka huɗu, uku suka fito. Na riƙa dafa ƙwai ina murtsuke musu da garin gero, iyayen suna ɗura musu. Suka girma, dukansu da sarƙa a wuya. Na zauna na kalle su kamar yadda aka ce, amma idona bai kai ba, kuma na rantse ba zan sake kuskure ba. Don haka na jira su ma su zubar da gashi. Kafin in tabbatar da namiji ɗaya, an fi shekara da wannan Asabar ɗin. A tsawon lokacin sau biyu na hango Baba a wajen jana'iza, na gaishe shi a cikin mutane na wuce.

Ranar da na je, matarsa ce ta amsa sallamata a zaure. Ta dubi kejin da ke hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka makara. Tun ranar nan bai sake zuwa majalisar ba. Da azumi ya kira wani ɗan'uwansa daga Zariya ya zo ya kwashe tsuntsayen duka."

Na same shi a tsakar gida yana jera huluna a rana. Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa, ban rage komai ba.

"Tashi," ya ce. "Maganar tsuntsu na yafe tun kafin in iso gida a ranar. Mutane sun daɗe suna faɗa, ban damu ba. Juma'a nake ta jira. Na ce wa tsohuwar nan, zai zo, ɗan wane ne. Har na daina faɗa."

Na tura kejin gabansa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon tsuntsun, har ya ɗan yi masa fito.

"Namiji ne. Da ka kawo su suna wata biyu, da na nuna maka shi." Ya miƙe. "Koma da shi. Na huta da tashin asuba wanke gwangwani."

Na roƙe shi, matarsa ma ta sa baki. Ya ƙi.

Asabar na je majalisa. Na tsaya a inda na tsaya a da, na ce tsuntsun da Baba ya ba ni namiji ne, ni ne ban san komai ba, kuma na yi masa ƙazafi. Rabin mutanen sababbi ne, ba su san shi ba. Direban tifar ya sosa ƙeya ya ce, "Wane tsuntsu kuma? Au, tsohon nan mai rowa? Yana nan da rai?" Na ce ba shi da rowa. Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya. Oga, rataye naka mu ji." Suka koma kan gardamarsu.

Na koma na gaya wa Baba na janye maganar a gaban jama'a, na ce ko zai zo Asabar mai zuwa ko da zama ne kawai. Ya ce Allah ya yi mini albarka, amma ƙafarsa ba ta son nisa yanzu. Sannan ya tambaye ni ko da guduma a babur ɗina. Na ce akwai. Ya nuna mini bangon rumfarsa, inda ƙusoshin da yake rataye keji suke jere, ya ce suna yage masa riga in ya wuce, in cire masa su. Na ɗauko gudumar na cire su, na zuba a aljihu, na cike ramukan da ƙasa.