Tsirkiya Lamba Goma

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya a wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, da ke gefen Gaya na sayi jita hannun wani direban babbar mota. Tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, amma katakon lafiya lau. Tsirkiyoyin da ke jikinta masu kauri ne, ana jin su har bakin titi. Ban san akwai wani iri ba. Na ɗauka haka jita take: ka danna ta, ta cije ka.

Kullum bayan la'asar sai in zauna a tsakar gida in yi ta fama. Makon farko yatsun hannuna na hagu suka yi bororo. Kafin wata uku sun yi kanta, tauri kamar diddigen manomi. Har alfahari nake yi da su.

Wata safiya aka kawo wata tsohuwa daga wajen Yelu, zawo ya tsotse ta, sai an yi mata ƙarin ruwa. Na ɗaure mata damtse, na shiga laluben jijiya da yatsun hagu kamar yadda na saba. Fata nake ji, amma ɗan tudun nan mai laushi da ke mirginawa ƙarƙashin yatsa, babu shi. Shugabarmu, dattijuwa ce sa'ar mahaifiyata, ta karɓi allurar ta samu jijiyar nan take. Ta ɗaura wa marar lafiya ruwan. Sai da muka fito baranda ta tsayar da ni.

"Ɗana, miƙo hannunka."

Ta murza kan yatsuna. "Dutse kake fasawa da yamma?"

Na gaya mata gaskiya. Ta ɗan yi dariya, ta ce, "Ni ba zan ce ka bar kiɗanka ba. Amma yatsun nan ba naka ba ne kai kaɗai."

Kwana goma ban taɓa jitar ba, yammaci ya riƙa yi mini tsawo. Ranar Lahadi na saɓe ta, na hau kabu-kabu na ƙetare gada zuwa garin Malanbil da niyyar rabuwa da ita. An kwatanta mini wani mai gyaran rediyo da kayan kiɗa a bayan masu albasa. Mai furfura ne, Hausarsa gauraye da Dandanci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ja tsirkiya ɗaya ya saki.

"Wa ya ɗaura mata igiyar shanya? Wannan ai lamba goma sha uku ce. Malam, ba jitar ke cin yatsunka ba."

Ya zaro ƙananan fakiti uku daga cikin gwangwani: sha biyu, sha ɗaya, goma. Ya sa na shafa kowacce. Ta goman kamar zaren ɗinki. Ita na zaɓa.

"To, ka ji," in ji shi yana ɗaurawa. "Ƙara za ta ragu, kada ka ce ban gaya maka ba. Kuma siririya ba ta son hannu mai nauyi. In ka dake ta, kuka za ta yi maka."

Haka kuwa aka yi. Kwanakin farko na yi kewar tsohuwar muryar, mai cika ƙirji. Sabuwar siririya ce, garau, sai ka natsu kake jin daɗinta. Dole na koyi taɓawa maimakon duka. Kantar ta yi ta saɓulewa a hankali, ta bar ƴar kaɗan wadda ba ta hana ni aiki.

Wata yamma maƙwabcinmu, tsohon matuƙin kwalekwale da ban taɓa zaton yana saurare ba, ya leƙo ta kan katanga.

"Ka bar kiɗan ne?"

"Ban bari ba, Baba. Tsirkiya na sauya."

"To ni dai ba ya iso ni."

Na ce ko in mayar da tsofaffin? Ya girgiza kai ya sauka. Jim kaɗan sai ga sallamarsa a ƙofa, da kujerarsa a hannu. Ya ajiye ta kusa da randa, ya juyo da kunnensa na dama wajena, ya ce in ci gaba daga inda na tsaya.