Rumfar MaZungu a Bakin Tasha

Tun zamanin da ake loda buhunan sukari da kafaɗa MaZungu take sayar da abinci a Point, bakin tashar jiragen ruwan Durban. Tuwon masara da kayan ciki, shi ke nan sana'arta. Da azahar 'yan dako kan cika rumfarta, suna warin gumi da gishiri.

"MaZungu, yau saniyar da ƙafarta ta ratsa miyar nan ta wuce?"

"Rufe min baki, ɗan nema! Da bakinka ne ke ɗaukar buhu, da tuni jirgin ya tashi."

A bayan rumfar ta raini 'yarta tilo, Nokulunga.

Sannu a hankali injina suka karɓe aikin, 'yan dako suka watse. Unguwar ta mutu, sai ɓeraye da mashaya. MaZungu ta ƙi tashi, tana dafa wa tsofaffin da suka rage.

Sai ga wani kamfani ya zo gyara. Aka rushe rumfuna, aka haƙa magudanan ruwa na ado, benaye suka tashi. Ita kuwa aka zuba tukwanenta a mota, aka sauke ta a ɗakin kwano can bayan gari, inda ko iskar teku ba ta kaiwa. A can kowa shi ke dafa nasa.

Nokulunga ta sami aikin tarbar baƙi a wani sabon otal da aka gina a Point. Albashinta ne ya koma ciyar da su, uwar kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Wata Lahadi 'yar ta matsa mata. "Mama, ki zo ki gani mana. Wallahi ba za ki gane wurin ba."

Ta ƙofar ma'aikata suka shiga. MaZungu ta tsaya bakin ruwan, masu yawon shaƙatawa na wucewa a kwalekwale. Ta duba gabas, ta duba yamma.

"'Yar nan, ina murhuna yake?"

Nokulunga ta nuna wani wuri, ta sauke hannu, ta nuna wani. Ita ma ba ta sani ba.

"Ya yi kyau," in ji tsohuwar. "Ki riƙe aikinki da kyau. Mu tafi, ƙafata na ciwo."

Ba ta sake zuwa ba. Kafin shekara ta zagayo ta kwanta ciwo, Nokulunga ta roƙi hutu ta yi jinyarta har ƙarshe. Mutum biyu cikin tsofaffin 'yan dako suka zo jana'iza. Sauran ba wanda ya san inda aka kai su.