Gonar Tuzurai

Duk wanda ya sake cewa a gabana wai Yaya Abdulƙahar sa'a ya taka, wallahi sai mun ɓata. Sa'a? Ni Zulfa ciki ɗaya muka fito da shi, ni na san irin sa'ar. Mutane sun ga gonar dabinonsa a kan hanyar Kiyawa, sun ga motoci suna lodin dashe, shi ke nan sai su ce Allah ya kashe ya ba shi. Allah ne ya ba shi kam, babu ja. Amma ku zauna ku ji yadda aka yi.

Babanmu Malam Ɗanmusa, hawan dabino ce sana'arsa a nan Dutse, kuma ko bishiya ɗaya ba shi da ita. Lokacin fure ya hau ya ɗaura wa mace furen namiji, don macen dabino ba ta 'ya'yan kirki sai an yi mata wannan barbarar. Lokacin nuna ya hau ya saro nonon dabinon ya zuro da igiya. Ina 'yar firamare, Yaya ko gemu bai fara ba, igiya ta tsinke da Baba a saman wata doguwar bishiya. Shi da nonon da ya sara tare suka iso ƙasa. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Mai gonar, Allah ya yafe masa, da ya zo gaisuwa sai ya sa aka biyo shi da wannan dabinon, wai haƙƙin mamaci ne. Inna ta dube shi sau ɗaya ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta ƙara sa dabino a bakinta ba, ko da azumi da ruwa take buɗa baki. Da aka watse daga zaman makoki ta kira Yaya, ta riƙe hannunsa gam.

Ta ce, "Ƙahar, in dai ni na haife ka, kada ka taɓa hawa dabino. In ka hau ban yafe ba."

Ya ce, "Na ji, Inna, ba zan hau ba. Amma zan shuka nawa, ki tsinka da hannunki kina tsaye a ƙasa."

Ta ce, "Ran da aka yi haka, zan ci."

Ashe ya riga ya bi tabarmin 'yan gaisuwa ya tsince ƙwallayen da suka tofar. Su ya kai ɗan fegin da Baba ya bari a gindin dutse, wurin da ko gero ba ya son fitowa, ya binne.

Makaranta ta ƙare masa daga nan. Ya karɓi kura ya shiga ga-ruwa, da ita muka ci, da ita na yi karatu. Sai dai ya kafa wa kansa doka: kurar farko bayan asuba ta dabino ce. Ko wa zai kira shi, ko me za a ba shi, sai ya dawo. Ranar sallah ya kai, yana zazzaɓi ya kai, yana tafe yana haɗa hanya. Tsararrakinsa suka tafi Abuja suka dawo da waya da babur, shi yana nan yana saran ƙaya yana shinge. Duk da haka awaki suka ci wasu, rani ya ƙone wasu, 'yan ƙalilan ne suka miƙe. Ba ya zaman majalisa, ba ya teburin mai shayi. Na sha yi masa tsiya.

"Yaya, ka auri dabinon nan mana kowa ya huta."

Sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Zulfa."

Ni kuma in ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba!"

To ga inda gizo yake saƙa. Dabinon da aka shuka daga ƙwallo ba ya nuna mace ne ko namiji sai ya yi fure, kuma furen nan sai an shekara an shekara. Na gama sakandare, har an kai ni ɗakina, sannan bishiyoyinsa suka fitar. Ya je ya ɗauko Malam Ɗayyabu, aminin Baba, ya duba masa. Tsohon ya tsaga kuben furen bishiyar farko, ya kaɗa, farin gari ya tashi.

Ya ce, "Namiji ne, ɗana."

Ya matsa gaba. Namiji. Ya sake matsawa. Har ya kai ƙarshen fegin yana kaɗa kai. Kafin la'asar unguwa ta sa wa wurin suna gonar tuzurai, yara har waƙa suke yi da shi.

Ina gidan Inna lokacin da ya shigo. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Duk maza ne."

Ta ce, "To ka huta haka nan, ɗan nan. Na yafe maka alkawarin."

Ya ce, "Ke kin yafe, Inna. Ni ban yafe wa kaina ba."

Ni kuwa kuka na fashe da shi, takaici kamar ya kashe ni. Na ce ya samo gatari mu yi itacen girki da su, ƙuruciyarsa kaf ta tafi a banza. Washegari da asuba aka ji ƙarar kurarsa ta nufi gindin dutse.

Daga baya ne na gane abin da ya hango. Furen namijin da Baba yake hawa sama nema, ga shi shi a tsaye yake yanka. Ya dinga yanka yana shanyawa a inuwa, yana kai wa masu gonaki. Waɗanda suka yi barbara da nasa suka ga nono ya yi nauyi har sai an tokare, sai ga su suna sallama a ƙofar gidanmu, da waɗanda suka yi dariya da waɗanda ba su yi ba. Ya ce shi ba kuɗi yake so ba, a ba shi 'ya'yan da ke tsirowa a gindin mace mai kyau, don su uwarsu suke biyowa, babu caca. Ya dasa su a tsakanin tuzuransa. Ya koma farko, mutumin Allah, kurar asuba da shingen ƙaya.

Amma Inna ba ta tsaya jiran dabino ba. Hawan jini ya kama ta, daga baya ɓarin jikinta ya shanye. Babu mai faɗa a cikinmu, amma kowa ya san tsere ake yi.

Shekarar da matan suka yi fure, da hannunsa ya yi musu barbara yana tsaye. Nono ya sauko daidai ƙirjin mutum, kore shar. Kullum sai ya je ya tsaya a kansa kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Jikin Inna kuwa kullum baya yake yi. Wata ranar Laraba da hantsi ta ce, "Ƙahar, kai ni gonar."

Ya ce, "Inna, bai nuna ba. Saura kaɗan."

Ta ce, "Kai ne kake da saura kaɗan, ni ba ni da shi."

Muka ɗauki ɗan sahu zuwa bakin titi, daga nan ya goya ta har gindin ɗaya daga cikin matan dabinon. Muka tsayar da ita, ni ta hagu shi ta dama. Ta miƙa hannunta mai lafiya, ta kama guda ɗaya, ta ja, ta sake ja, ta tsinke. Ta sa a baki. Na ga yadda bauri ya yamutsa mata fuska, na ce ta tofar, ta harare ni. Ta tauna ta haɗiye.

Ta ce, "Da bauri. Amma ƙafata tana ƙasa, taka ma tana ƙasa. Allah ya yi maka albarka."

Dabinon ya nuna muna zaman makokinta. Shi da kansa ya yanko ya ajiye a gaban 'yan gaisuwa, suna ci suna cewa ba su taɓa jin mai zaƙinsa ba. Ya fita bayan gida, na bi shi, na tarar da shi ya haɗa kai da bango yana kuka irin wanda ko na Baba bai yi ba.

Yau fegin ya zama makekiyar gona, da rijiyar burtsatse da ma'aikata. Duk mai hawa a gonarsa sai da tsani da ɗamara mai ƙarfi, kuma shi yake duba igiya kafin a taka. Shi dai har gobe bai taɓa hawa ba, kuma bai fasa fitar asuba ba.

Bara na raka shi gonar. Muka biyo ta gindin bishiyar Inna, ta yi tsawo, nono yana lilo a sama. Ya tsaya, ya miƙa hannu, ya yi ɗage, yatsunsa ba su kai ba. Ya sauke hannun a hankali.

Ya ce, "Zulfa, ta fi ƙarfin hannu yanzu."