Tsagar da Hansatu Ta Rufe

Hansatu mai albasa tana zaune a wata tunga ta bakin tafkin Kainji, can ƙasa da Wara. Bagungiya ce, 'yar ƙabilar Gungawa. A tsibiri aka haife ta, tana amarya aka tare Kwara, ruwa ya hau, aka kwaso su aka zube a wannan gaɓa. Gabanta ruwa, bayanta dutse da gonakin mutane. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure a tsallake, ya rage daga ita sai awakinta da rumbunta. Duk tungar an san ta da iya daɓe. Tsakar gidanta, ko tuwo ya faɗi sai ka ɗauka ka ci.

Kowace shekara in ruwa ya cika ya janye, sai ya yagi gaɓa ya tafi da ita. Ana nan sai tsaga ta fito a ƙasa, ta ratsa tsakar gidan Hansatu daga gindin rumbu zuwa ƙofar ɗaki, ta bi ƙarƙashin danga ta shiga gidan maƙwabciyarta Mairo, ta yi gaba.

Ba a daɗe da yanke Jihar Kebbi ba, mai gari ya sa aka yi shela: baƙin gwamnati na tafe duba gidaje. Iyakar abin da aka faɗa ke nan.

"Yaya Hansatu, baƙi hwa daga Birnin Kebbi," in ji Mairo ta kan danga. "Haka za su iske gidanki ya wage baki kamar kada?"

"Naki hwa? Ba jiya na ga kazarki tana leƙa ramin tana kiran 'ya'yanta ba?"

Matan layin suka yi gayya. Aka cusa tsakuwa da jar ƙasa a tsagar, aka jiƙa makuba, madaɓai suka yi ta sauka ana waƙa, gida bayan gida. Wata maƙwabciyarsu Tamada ce kaɗai ba a yi wa ba, don ta tafi jinyar uwarta a Shanga.

Wanda ya zo wani ma'aikacin safiyo ne, Philip, da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Da ya ga tsakar gidan Hansatu sai da ya cire takalmi.

"Inna, babu wata damuwa a gidan nan?"

"Lafiya lau, ɗana. Sai alheri."

Ya sha fura, ya yaba, ya wuce. A layin duka bangon Tamada kawai ya shafa wa ja. Mata suka yi ta dariya, wai gwamnati ma ta gane ƙazama.

Sai da rani ya yi nisa aka ji dalili. Taswirar haɗari ake zanawa: duk inda ƙasa ta nuna alamar zabtarewa an sa masa ja, masu ja kuma za a yanka musu fili a kan tudu. Tamada ta kwashe kayanta ta hau. Babu wanda ya ƙara dariya.

Ranar kasuwa Hansatu ta shiga jirgi zuwa Wara, ta nemi Philip har ta same shi, ta faɗa masa tsagar da suka rufe.

"Haba Inna! Ai na tambaye ki."

"Gaisuwa ka yi, na amsa. Kai in ka yi baƙo, da tsaga kake tarbarsa?"

Ya dafe kai. "Taswirar ta riga ta tafi Birnin Kebbi, hannuna ba ya kai mata. Kuma ba a gyara ta da maganar baki, sai an gani da ido. In Allah ya yarda bayan damina za a sake turo mu. Don Allah in ta buɗe kar ki rufe."

"In ban rufe ba, ruwan sama ya bi ta ciki ya ci ƙasar ta ƙasa. Da mi zan kai bayan daminar?"

Philip ya ce, "Na sani, Inna."

Ruwan farko ya buɗe tsagar, na biyu ya faɗaɗa ta har hannu na shiga. Da safe Mairo ta leƙo da madaɓi a kafaɗa.

"Yaya, mu rufe ko mu bari?"

Hansatu ta dubi tafkin, ta dubi dutsen. Ta karɓi madaɓin ta soke a rufin rumfa. Ta jawo gadonta daga ɗaki zuwa zaure, ta ɓangaren dutse, ta ɗaure awaki kusa da ita. Rumbu ba ya ɗaukuwa, ta bar shi a ɓangaren ruwa.

Tun daga nan kullum sai ta share tsakar gida har bakin tsagar, ta tsallaka, ta share wancan gefen. Duk baƙon da ya yi sallama, ko mai sayen albasa ne, kafin ta ba shi ruwa sai ta kama hannun rigarsa.

"Zo ka gani, ɗana. Duba da kyau. In an tambaye ka, ka ce ka gani."

In ta ji ƙarar mota a hanyar Wara sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu, har ƙarar ta wuce.