Ranar da Baba Ya Zauna Gaban Akwatina

'Yan yanzu da ke danna ɗan abu da yatsa su ce sun ɗauki hoto, dariya suke ba ni. A zamanina akwati ne na katako mai ƙafa uku, in ɗaure shi a bayan keke in bar Dutsin-Ma da sassafe. Yau Karofi, gobe Dabawa, duk inda aka ce ana ɗaurin aure. Ango ya zauna a kujera, abokai su jeru a bayansa, kowa ya ƙame kamar za a yi masa allura. Wanda ya aro agogo kuwa ba sai an gaya maka ba, za ka ga ya turo hannu gaba. Amarya sai wadda mijinta ya yarda, akawu ko malamin makaranta, ita ma sai an sha fama kafin ta ɗago kai.

Ga yadda aikin yake. In lulluɓa da baƙin ƙyalle ta bayan akwatin, in daidaita mutum a gilashi, kuma a nan a kife yake fitowa, kansa a ƙasa. Sai in sa takarda, in cire murfin idon akwatin, in ƙirga ɗaya zuwa biyar, in mayar. A cikin ƙirgar nan ko ƙuda ya sauka a hancinka ba ka motsi, in ka motsa fuskarka ta dame. Daga nan in zura hannu in wanke takardar da magani a cikin akwatin. Na farkon a juye yake fitowa, fuska fara, farar riga baƙa. Sai na kafa shi a gaba na sake ɗaukarsa a wata takardar, sannan hoton kirki ya fito.

Mahaifina yana Kurfi. Malami ne, manomi kuma. Ranar da ya ji na koyo wannan sana'a daga Katsina bai zage ni ba, bai kore ni ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, daga nan ya daina kallona. In na durƙusa na gaishe shi zai amsa, amma idonsa na kan carbinsa. Shekara tara muna haka. Ni da nake yini ina cewa mutane su dube ni, ubana ko kallo ban ishe shi ba.

Wata rana bayan ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafin bazara, Inna ta aiko maƙwabcinsu mai fataucin gishiri. Ya ce Baba ya samu tafiya Makka, abin da ya kwashe rayuwarsa yana roƙo. Amma wakilin alhazai ya ce ba fasfo sai da hoto biyu. Baba ya yi ta ƙi, yana fatan za a ɗauke masa, har kwanaki suka ƙare. Yau bayan la'asar wakilin zai shiga mota da takardu zuwa Katsina, wanda nasa bai cika ba sai baɗi. Baba ya haura saba'in, ga tari ya kama shi tun damina. Babu wanda ya faɗa, amma duk mun san ba lalle ya ga baɗin ba.

Na buɗe kwalin takardar hoto na duba. Hotunan Sallah sun cinye ta, wadda na aika a sayo min daga Kano ba ta iso ba. 'Yan ƙananan yanka biyar suka rage. Biyu dole in ajiye don hotunan ofis. Gwaji uku ke nan gare ni.

Ban san yadda na tuƙa keken nan ba. Na isa Kurfi ana sallame azahar, rigata sharkaf, harshena kamar tsumma. Inna ta tare ni a soro da kwanon ruwa, ta ce: "Ka bi shi a hankali, ka ji? Da ƙyar na shawo kansa."

Na kafa akwati a tsakar gida, na rataya zanen Inna a jikin katanga. Baba ya fito da farar rigarsa da rawani, yana dogara sanda. Ya rame ƙwarai, har na tsorata. Na durƙusa.

"Baba, barka da rana."

"Yauwa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yi abin da za ka yi."

Ya zauna. Na daidaita, na sa takarda, na ce: "Baba, a ɗago kai, kada a motsa." Ya ɗago haɓa amma bai ɗago ido ba. Na cire murfi, na ƙirga biyar. Da na wanke na fito da ita, goshi ya yi, hanci ya yi, daga baki zuwa gemu kuwa duk ya dame. Sai a lokacin na lura leɓensa ba ya tsayawa. Istigfari yake yi tun da ya zauna, yana neman gafarar zunubin da nake sa shi.

Na ce: "Baba, don Allah a ɗan dakata da zikirin, ƙirga biyar kacal."

Ya ce: "In daina ambaton Allah saboda akwatinka?"

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na sa ta biyu. Na yi dabara, na jira ya kai ƙarshen kalma zai ja numfashi, na cire murfi da sauri. Ina kan uku tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har ya dafe ƙirji, Inna ta rugo da ruwa. Ban ma ɓata magani a kan wannan ba, na san ta tafi.

Saura ɗaya. Inuwar katanga ta fara miƙewa, maganin cikin akwati ya ɗau zafi, in ya ƙara ɗumi ko an ɗauka ba zai fito da kyau ba. Wakilin ya turo a gaya mana direba ya fara lodi. Na ga yadda za a yi ta faɗa a Kurfi: tsohon ya ƙasƙantar da kansa ya zauna gaban abin da ya tsana, ɗan nasa kuma ya kasa. Na ga Baba ya mutu bai ga Ka'aba ba, kuma ta dalilina.

Sai bakina ya kuɓuce. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce: "Baba, takarda ɗaya ta rage min a duniya. In ta lalace ba ka zuwa Makka, kuma ba ni da yadda zan yi. Shekara tara ba ka dube ni ba, na haƙura. Yau ka dube ni. Ko da fushi ne ka dube ni, ka rufe bakinka, in ƙirga biyar, shi ke nan ba zan sake roƙonka komai ba."

Inna ta dafe baki. Ni kuwa na tsoma kaina cikin baƙin ƙyalle, ba don daidaitawa ba, don kada a ga hawayena. A nan cikin duhu, a kan gilashi, na ga ubana a kife. Carbin ya tsaya. Leɓen ya tsaya. Ya ɗago ido ya dubo ni sosai, kuma ba fushi a ciki. Gajiya ce kawai, da wani abu kamar tausayi.

Na sa takarda, na cire murfi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta fito tas. Na sake ɗauka sau biyu, na ɗauraye, na ruga tasha ina kaɗa su a iska don su bushe. Mota ta riga ta tashi, sai da na bi ta da gudu na miƙa wa wakilin ta taga.

Da na dawo Baba na nan zaune inda na bar shi, na farkon nan juyayye yana hannunsa. Ya daɗe yana kallon kansa da farar fuska da baƙin rawani. Sannan ya miƙo min ba tare da ya ɗago ba.

"Na ofis lalura ce," ya ce. "Wannan ba lalura ba ce. Yaga shi."

Da shi zan iya fitar da hotonsa ko guda nawa nake so. Na san haka sarai. Na buɗe baki zan roƙa, sai na tuna na ce ba zan sake roƙonsa komai ba. Na yaga shi gida huɗu a gabansa, Inna ta kwashe ta zuba a murhu. Ya ce: "Allah ya yi maka albarka." Rabona da jin wannan daga bakinsa tun kafin in sayi akwatin.

Ya tafi, ya yi aikin hajjinsa. Da alhazai suka dawo, sandarsa da carbinsa aka kawo mana. Can ya cika, can aka binne shi. Na nemi fasfon, ba wanda ya san inda ya shiga. Na je Katsina har sau uku neman ɗaya hoton, akawu ya ce in daina wahalar da kaina.

Na ci gaba da aikina shekaru da yawa. Har yau in na shiga wasu gidaje a Dutsin-Ma sai in ga hotunana a bango, kakannin mutane na zaune da agogon aro. A ɗakina babu na Baba. In na rufe ido ina neman fuskarsa, ta shekara taran nan ba ta zuwa, don saman rawaninsa kawai na sani. Wadda ke zuwa ita ce ta cikin gilashi, kansa a ƙasa, yana kallona.