Malam Bokiti da Matakalar Bene

Malam Bokiti muke ce masa a bayan idonsa, ko da yake ya sani sarai. Shi ne malaminmu na ilimin halittu, siriri, hannun rigarsa kullum fari fat da alli.

Sunan ya samo asali ne daga darasinsa na yadda jiki ke tatsar ƙarfi daga abinci. Ba ya koyar da shi a aji. Sai ya jera mu a matakalar bene, ya ba na sama bokitin ruwa.

"Wannan ƙwayoyin lantarki ne da aka zare daga abinci," in ji shi. "Kai Dogo, kai ne NAD, ɗan dakon da ya kawo su. Ke Auta, FAD ce ke, ke ma 'yar dako ce, amma daga tsakiya za ki shigo, shi ya sa ribarki ba ta kai tasa ba. Daina zumɓura baki, ba ni na tsara ba."

Duk matakin da bokiti ya sauka, sai a jefa tsakuwa a gwangwani, ƙarfin da jiki ya adana ke nan. Malam kuwa yana can ƙasa, shi ne iskar oksijin, mai karɓa na ƙarshe. Mu sha dariya, mu jiƙe sharkaf. Wallahi ina kewar ranakun nan.

A shekararmu ta ƙarshe ciwon ƙirji ya kama shi. Shugaban makaranta ya ce in ba zai iya kai darasi ƙarshe ba, za a mayar da shi ofis. Malam kuwa, raba shi da aji kamar raba kifi da ruwa ne. Ya ce a zo a gani.

Ranar, muka jeru, shugaba na tsaye. Bokitai suka fara saukowa. Na farko ya iso, Malam ya miƙa hannu, tari ya sarƙe shi, ya zauna a ƙasa. Ɗalibin da ke kusa da shi ya rasa wanda zai ba bokitinsa, na samansa ma haka, har can ƙoli. Kowa ya ƙame da bokiti a hannu, gwangwani ya yi shiru.

Da ƙyar ya ɗago kai.

"Kun gani? Abinci na nan, 'yan dako na nan. Mai karɓa ne babu."

Ya laluba aljihu, ya miƙa wa shugaba allinsa.