Na Kife Turmina Don Jarrabawar Auta

Makarantar ƙauyenmu da ke bayan Garo ba ta da benci ko ɗaya. A ƙasa yara suke zama, kowa da buhun takinsa, littafi a kan gwiwa, wasu ma rub-da-ciki suke rubutu. Ni da ban wuce aji uku ba, ban taɓa ganin aibun hakan ba sai shekarar da autata za ta zana jarrabawar shiga sakandare.

Malamarsu, wata 'yar Filato mai barkwanci, ta biyo ni har gida. Bayan mun gaisa ta ce, "Maman Auta, 'yarki tana da kai, amma a Gwarzo za a yi jarrabawar nan, kuma a kan tebur. Bara hannun yaranmu ƙin tafiya ya yi a kansa. Wasu suka sauko ƙasa aka daka musu tsawa, lokaci ya ƙare ba su gama ba. 'Yan gari kuwa tun aji ɗaya a kansa suka tashi."

Na ce, "To Malama, teburin nan aljanu gare shi?"

Ta yi dariya ta ce, "Sabo ne kawai."

Ai kuwa tana fita na kife babban turmina a gindin darbejiya, na ɗora masa guntun tsohuwar ƙofa, na jawo jarkar ruwa ta zama kujera. Surukata ta leƙo daga ɗakinta ta riƙe haɓa.

"Yau kuma turmi aka sa a boko? To da me za a daka min fura?"

Na ce, "Inna, hantsi naki ne, la'asar ta jikarki."

Da fari yarinya ta yi ta ƙorafi, wuya, kafaɗa, rubutu yana gangarawa kamar sawun kaza. Ina tankaɗe ina ce mata, "Miƙe bayanki, 'yar hakimi!" A hankali hannu ya saki.

Ranar jarrabawa mahaifinta ya kai ta a babur, ni ina gida, na share tsakar gida na sake sharewa. Da suka dawo, tun daga zaure na jiyo muryarta: "Umma, na gama tas, har na duba! Nasu teburin ma girgiɗi yake."

Na ce wa mahaifinta ranar kasuwa ya yanko mata yadin makaranta. Ya ce in bari sakamako ya fito tukuna.

Na ce, "Malam, ya fito ya tarar an ɗinka."